Gas Ɗin AC Na Mota: Tsakanin Gwangwanin Kasuwa Da Hannun Bakanike

Kowace shekara, da zarar hunturu ya naɗe tabarmarsa bazara ta kankama, akwai sana'ar da kasuwarta ke buɗewa a biranen Arewa ba tare da talla ba, wato sana'ar masu gyaran na'urar sanyaya mota, wadda kowa ya fi sani da AC. Daga watan Maris har zuwa faɗuwar damina, duk wanda ya bi ta unguwannin kanikawa a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ko Maiduguri zai tarar da motoci jere, an ɗage musu bonet, masu su na tsaye a gefe suna fifita da takarda. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a watan Afrilu zafin waɗannan garuruwa kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma alamu na nuna cewa abin gaba yake yi. A farkon Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, cikin wani zafi da ya game yankin Sahel, sannan Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta bayyana 2024 a matsayin shekarar da ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye alƙaluma. A irin wannan hali AC ya fita daga sahun kayan alatu, ya zama larura ga ma'aikacin da ke ɗauko yara daga makaranta da ƙarfe biyu na rana, da magidancin da ke kai tsohuwarsa asibiti.

Sai dai kuma zafin rana ya haɗu da zafin aljihu. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000 a garuruwa da dama. Dalar da gwamnati ke canzarwa a kan kimanin naira 460 ta wuce 1,500 a 2024, kuma duk wani kayan gyaran mota da dala ake shigo da shi. Mai albashi ya shiga neman inda zai rage kashe kuɗi, kuma a nan ne wata dabara ta samu shiga. Ana sayar da ƙananan gwangwanayen gas na AC a shagunan kayan mota da na intanet, wasu haɗe da ɗan tiyo da geji, ga kuma bidiyoyi barkatai a YouTube da Facebook da ke nuna yadda mutum zai jona tiyon, ya danna, sanyi ya dawo cikin minti goma. Tambayar da ke yawo a ofisoshi da majalisun hira ita ce: tunda abin da bakanike zai yi ke nan, me zai hana mutum ya yi da kansa?

Kafin a amsa wannan tambaya, ya kamata mai karatu ya dubi yadda muke faɗin matsalar tun farko, domin a nan kuskuren ya samo asali. Idan AC ya daina sanyi, abin da mai mota da bakanike duk suke cewa shi ne "gas ya ƙare". Kalmar ƙarewa kuwa ta abin da ake ci ne ko ake ƙonawa, kamar fetur a tanki ko gas ɗin girki a tukunya, kuma maganin abin da ya ƙare shi ne a ƙaro. Gas ɗin AC ba haka yake ba. Na'urar rufaffiya ce, gas ɗin zagayawa kawai yake yi a cikinta. Kwamfireso ya matsa shi har ya yi zafi, ya tura shi cikin kwandensa da ke gaban lagireto, inda iska ke kwashe zafin ya koma ruwa. Daga nan ya bi ta wata 'yar ƙaramar kafa ya faɗa cikin wani saƙaƙƙen bututu da ke bayan dashbod, inda yake sake komawa iska yana zuƙe zafin cikin mota, sannan ya dawo wurin kwamfireso a sake lale. Babu inda ake ƙona ko da gram ɗaya. Gaskiya ne a tsohuwar mota ɗan kaɗan kan silale ta robobi da mahaɗai cikin shekaru, amma motar da ake yi wa ciko kowace bazara, ko bayan kowane wata uku, gas ɗinta zurarewa yake yi ta wata kafa. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ce "ya ƙare" gwangwani zai nema, wanda kuwa ya ce "yana yoyo" wurin yoyon zai nema, kuma bambancin da ke tsakanin waɗannan maganganu biyu kuɗi ne masu yawa.

Abu na biyu da ya kamata a lura da shi shi ne inda wannan al'ada ta fito. Cikon gas da gwangwani ɗabi'ar Amurka ce, kuma can tana da dalilinta. A Amurka kuɗin hannun bakanike a gareji kan wuce dala 100 a awa ɗaya, alhali gwangwanin gas kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, saboda haka wanda ya yi da kansa ya tsira da kaso mafi girma na kuɗin aikin. Dokar ƙasar ma ta wajabta wa duk mai gyaran AC na mota don a biya shi ya mallaki takardar shaidar horo, amma ta bar wa mai mota damar sayen ƙaramin gwangwani ya yi wa motarsa. A wurinmu lissafin a juye yake. Kuɗin hannun bakanike shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake biya, abin da ke da tsada shi ne kayan: gas ɗin kansa, da kwandensa, da uwa uba kwamfireso. Wanda ya yi ciko da kansa a Kano ya sayi gas ɗin da tsadarsa kamar kowa, ya ceci ɗan abin da bai kai ya kawo ba, sannan ya jefa kaya mafi tsada a cikin na'urar cikin haɗari. An ɗauko dabarar, an bar dalilinta a can.

Haɗarin kuwa ba na zato ba ne. Kowace mota tana da adadin gas ɗin da kamfani ya ƙayyade mata, an rubuta shi da gram a wata 'yar takarda da aka liƙa ƙarƙashin bonet, kuma galibin ƙananan motoci suna ɗaukar tsakanin gram 400 zuwa 800 ne. Hanyar da za a tabbatar an zuba daidai ita ce a kwashe abin da ke ciki, a ɗora tukunyar gas a kan sikeli, a zuba da awo. Gejin da ke jikin gwangwani matsin ɓangare ɗaya kawai yake nunawa daga cikin ɓangarori biyu na na'urar, kuma wannan matsi yana hawa da sauka gwargwadon zafin gari, ta yadda abin da allura za ta nuna da asuba daban yake da abin da za ta nuna da azahar a mota ɗaya. Gwangwanin da aka fi sani gram 340 yake ɗauka. Idan mota mai buƙatar gram 500 tana da sauran rabi a ciki, aka juye mata gwangwani biyu, an kusa ninka mata abin da take iya ɗauka. Gas idan ya yi yawa sanyi raguwa yake yi, matsi ya hau, ruwan gas ya iya komawa cikin kwamfireso wanda iska kaɗai aka ƙera shi ya matsa. Idan kwamfireso ya farfashe daga ciki kuwa, ɓarɓashin ƙarfe kan bazu cikin bututu, sai an wanke na'urar gaba ɗaya, sau da yawa har da sauya kwandensa. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Bugu da ƙari, kafar da gas ya fita ta nan iska da laima suke shiga idan na'urar ta zauna wayam. Man da ke zagayawa tare da gas don ya tausasa kwamfireso yana da saurin shan laima, laima kuwa tana jawo tsatsa, tana kuma iya daskarewa ta toshe 'yar ƙaramar kafar da aka ambata. Shi ya sa ƙwararre ke jona famfon zuƙe iska ya bar shi yana aiki kimanin rabin awa kafin ya zuba gas, abin da gwangwani ba ya iya yi. Wasu gwangwanayen ma ana haɗa su da sinadarin da aka ce yana liƙe yoyo, wanda kan daskare a inda ba a so ya toshe na'urar. Akwai kuma lafiyar mai aikin. Gas ɗin R-134a da yawancin motocinmu ke amfani da shi yana tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifiri, don haka idan ruwansa ya fantsamo yana ƙona fata da tsananin sanyi, idan ya sami ido kuwa yana iya makantarwa. Kamfanonin da ke yin gwangwanin suna gargaɗin kada a ajiye shi inda zafi ya kai digiri 50, alhali motar da aka rufe a ranar Afrilu cikinta kan wuce haka nesa ba kusa ba.

Duk wannan idan an ɗauka abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne a ciki. Jabun gas matsala ce da duniya ta sani. A 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a tashoshin Biyetnam da Burazil, mutum uku suka rasa rayukansu, kuma bincike ya gano cewa an zuba musu jabun R-134a da aka gauraya da wani sinadari mai suna R-40, wanda ke cin alminiyam ya haifar da abu mai kamawa da wuta da zarar ya haɗu da iska. Kwandensa da bututun AC na mota kuwa galibi da alminiyam aka yi su. Haka nan gas ɗin girki da danginsa suna sanyaya na'ura, ga su da araha, wanda hakan ya sa suka zama abin da maha'inci zai fi saurin ɗurawa a gwangwani. Firij na zamani yana amfani da irinsu, amma kaɗan ne ƙwarai, kuma an ƙera shi don haka. Mota ba a ƙera ta don haka ba, kuma kwandensarta ita ce farkon abin da ke fashewa idan aka yi karo ta gaba. Ido ba ya bambanta gas na gaskiya da na jabu, sai da na'urar tantancewa, wadda mai mota ba shi da ita.

Hasali ma motocin da ke shigo mana yanzu sun ƙara dagula lissafin. Tun daga Janairun 2017 Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin motoci masu R-134a, kuma galibin sababbin motocin Amurka ma sun koma wani gas mai suna R-1234yf. Irin waɗannan motoci suna cikin tokunbon da ke isowa tashoshin Legas da Kwatano a yau. Sabon gas ɗin ya fi tsada sosai, yana ɗan iya kamawa da wuta, kuma da gangan aka bambanta bakin da ake jona masa tiyo don kada a gauraya shi da tsohon. Motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, nasu kwamfireson na lantarki ne, yana buƙatar mai na musamman wanda ba ya ɗaukar wuta ta lantarki, alhali gwangwanayen ciko da yawa ɗauke suke da man gama-gari a ciki. Wanda bai karanta takardar ƙarƙashin bonet ba yana iya lalata motar miliyoyi da gwangwanin 'yan dubbai.

To, shin wannan na nufin a miƙa wa bakanike makulli a kwanta barci? Ko kusa. Adalci shi ne a faɗi cewa abin da ya tura mutane ga gwangwani shi ne abin da suka gani a gareji. Da yawa daga cikin masu gyaran AC na bakin titi, abin da mai mota zai yi a gida shi suke yi, bambancin kawai su ana biyansu. Ba sikeli, ba famfon zuƙe iska, awonsu shi ne tafin hannu a bakin fanka da ƙirgen gwangwani: "Alhaji, motarka biyu za ta sha." Idan suna son buɗe na'ura sai su danna bakin bututu su saki tsohon gas ya bi iska. Akwai kuma gaskiyar da ba a cika son faɗi ba, cewa bakaniken da ya toshe yoyo sau ɗaya zai ga mai mota, wanda ya yi ciko kawai kuwa zai gan shi bayan wata biyu. Amma laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Injin da ke kwashe gas ya tace shi ya mayar da awo kuɗinsa ya fi ƙarfin yaron da ya gama koyon aiki aka sallame shi da akwatin sifana, wutar lantarkin da zai kunna famfo ba ta da tabbas, mu masu motoci kuma mu ne ke cewa "kai dai zuba min, sauri nake yi", mu ƙi biyan kuɗin bincike don ba mu ga an zuba komai ba. Saboda haka zaɓin da ke gaban mai mota na tsakanin aikin awo ne da aikin kintace, kuma kintace a hannun bakanike bai fi kintace a hannun mai mota ba sai da ɗan sabo.

Wannan gas da ake saki yana da wata fuska da ta wuce aljihun mutum ɗaya. Tsohon gas ɗin R-12 da motoci ke amfani da shi har zuwa tsakiyar shekarun 1990 an daina shi ne a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana cinye shimfiɗar ozon da ke kare duniya daga kaifin hasken rana. R-134a da ya maye gurbinsa ba ya taɓa ozon, amma ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon da ke fita daga salansa sau 1,430. Ma'ana, rabin kilo da aka saki a bakin titi daidai yake da hayaƙin fetur kimanin lita 300. Shi ya sa a Oktoban 2016 ƙasashen duniya suka amince a birnin Kigali na Ruwanda cewa za a rage irin wannan gas sannu a hankali, kuma Nijeriya ta rattaba hannu ta tabbatar da amincewarta a 2018. Bisa jadawalin rukunin ƙasashen da muke ciki, an tsayar da ƙaruwar amfani da shi daga 2024, za a rage kashi 10 cikin 100 a 2029, a ci gaba har ragin ya kai kashi 80 a 2045. Ko wanda bai damu da sauyin yanayi ba ya kamata ya fahimci abin da hakan ke nufi a kasuwa. Abin da aka taƙaita shigo da shi tsada yake yi, tsada kuwa ita ce ke kiran 'yan jabu da 'yan fasa-ƙwauri, kamar yadda Turai ta gani bayan ta tsuke nata kason a 2018. Motar da ke yoyo a yau, ciyar da ita gas zai ƙara nauyi kowace shekara.

Akwai aikin da ya dace mai mota ya yi da hannunsa, kuma yana da yawa. Sau da dama AC kan rage sanyi alhali gas ɗinsa na nan daram. Ƙurar hunturu tana toshe kwandensa, wankewa da ruwa a hankali kan dawo da sanyi. Matatar iskar cikin mota, wadda a motoci da yawa take bayan akwatin gaban fasinja, mutum na iya ciro ta ya sauya cikin minti biyar. Yana iya duba ko fankar gaban lagireto na juyawa idan an kunna AC, ya duba fiyus, ya duba mahaɗan bututu ko akwai danshin mai da ƙura ta manne a kai, domin wannan alamar yoyo ce. Kunna AC na minti goma a kowane mako a lokacin sanyi yana sa mai ya zagaya, robobi ba su bushe ba. Kuma gara a kai mota dubawa a watan Janairu da a bi layi a Afrilu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Idan aiki ya kai ga buɗe na'ura, a nemi wanda zai amsa tambayoyi huɗu kafin a biya: ina yoyon yake, nuna min, gram nawa motar ke ɗauka, kuma ina sikelinka, za ka zuƙe iska kafin ka zuba, wane gas ne wannan, daga ina ka saye shi? Yoyo ana gano shi da ruwan sabulu, ko rini na musamman, ko na'urar sansano gas, kuma bakaniken da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. A biya shi kuɗin bincikensa da daɗin rai, domin araha ba ta ado.

Sauran aikin na hukumomi ne. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, da hukumar kwastan, da NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ofishin kula da ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, su ke da alhakin sanin abin da ke cikin tukwane da gwangwanayen da ke shigowa, kuma ya kamata binciken ya riƙa kaiwa har kasuwannin kayan gyara na cikin ƙasa, a kuma sanar da jama'a sakamakonsa da harsunan da suke ji. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin bai wa masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa, asusun ITF kuma aikinsa ke nan horar da ma'aikata. Babu abin da zai hana a haɗa kai da ƙungiyoyin kanikawa a shirya gajeren horo da Hausa a wurare irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, a bai wa wanda ya ci jarrabawa shaidar da zai rataya a shagonsa don mai mota ya san wurin da zai nufa. Gwamnatocin jihohi da ke raba kayan sana'a kowace shekara suna iya sayen injin kwashe gas da na'urar tantancewa ko da guda ɗaya a kowace unguwar kanikawa, a riƙa amfani da su ta hanyar haya ƙarƙashin ƙungiya. Kuɗin hakan bai kai na motar jami'i ɗaya ba.

A taƙaice, ga mai mota a ƙasar nan cikon gas da kai riba ce kaɗan a kan asara mai yawa, zuwa wurin bakaniken da ba ya awo kuma an gudu ne ba a tsira ba. Bazara za ta ci gaba da tsananta, gas zai ci gaba da tsada, motocin da ke shigowa kuma za su ci gaba da sauya fasali. Gyaran zai fara ne ranar da masu motoci suka daina tambayar gwangwani nawa za a zuba, suka koma tambayar ta ina na jiya ya fita, domin kasuwa abin da mai saye ya nace a kai shi take kawowa.